Tarihin Manhajar Tafiyar da Kamfani da Abin da Gajimare Bai Canza Ba

Manhajar da ake kira ERP, wato wadda take haɗa lissafin kuɗi da sito da saye da sayarwa da albashin ma'aikata a rumbun bayanai guda ɗaya, ta samo asali ne daga matsalar kayan haɗi a masana'antun Amurka cikin shekarun 1960. Kamfanin da ke ƙera tarakta yana buƙatar dubban sassa, kuma al'adar da aka gada ita ce a sake yin oda duk lokacin da wani sashe ya ragu a sito zuwa wani adadi da aka ƙayyade, abin da kan sa wasu kaya su jibge har su yi tsatsa yayin da rashin wani ƙaramin ƙarfe ya tsayar da aiki ɗungurungum. Joseph Orlicky, injiniya a kamfanin IBM, yana cikin waɗanda suka nuna cewa babu dalilin yin kirdado a kan sassan, tunda yawan tayoyin da za a buƙata ya dogara ne kacokan a kan yawan taraktocin da aka shirya ƙerawa. Daga nan aka sami tsarin MRP, wato lissafin kayan da aiki zai ci, wanda littafinsa na 1975 ya yaɗa shi.

Tsarin ya tsaya ne a kan abubuwa uku: jadawalin abin da za a ƙera, da jerin sassan da ke cikin kowane kaya, da kuma rajistar abin da ke sito. Idan rajista ta ce akwai kusoshi 400 alhali 40 ne a kan kanta, saboda ma'ajin sito ya ba da kaya da rana bai rubuta ba, kwamfuta ba za ta nemi a sayo ƙari ba, kuma ranar da aka zo haɗa injin sai a tarar da wayam. Masu kafa tsarin sun gane tun a wancan lokaci cewa aiki mafi wuya shi ne horar da mutane su riƙa rubuta gaskiya a kan kari, kuma wannan wahalar ce ta bi manhajar duk inda ta koma.

A shekarar 1972 wasu tsoffin ma'aikatan IBM su biyar, cikinsu har da Hasso Plattner da Dietmar Hopp, suka kafa kamfanin SAP a Jamus, suka fara aiki da masana'antar zaren nailan ta kamfanin ICI da ke Östringen. Burinsu shi ne a daina tara bayanan yini ana sarrafa su da dare, a koma shigar da kowane ciniki nan take. Kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa wa irin wannan manhaja suna ERP a 1990, sannan fitowar manhajar SAP mai suna R/3 a 1992 ta sa manyan kamfanonin duniya suka rungume ta. Ƙarfinta yana cikin haɗewar: da zarar ma'ajin sito ya shigar da cewa kaya sun iso, akanta zai ga bashin da ya hau kamfani a daidai wannan lokaci. Haɗarinta ma a nan yake, domin kuskuren mutum ɗaya yakan bazu cikin kowane sashe kafin a farga. Tsoron rikicewar kwamfutoci a shekarar 2000 ya sa kamfanoni da yawa suka yi gaggawa, kuma kamfanin cakulan na Hershey, wanda ya kunna sabon tsarinsa a tsakiyar 1999 dab da kakar cinikin alewa ta watan Oktoba, ya kasa isar da kayan da suka kai kimanin dala miliyan 100 duk da cewa suna jibge a rumbunansa.

Abin da ake kira gajimare a yau shi ne ajiye manhaja da bayanai a manyan kwamfutocin wani kamfani, waɗanda ake kira uwar garke, a kuma riƙa shiga ta intanet ana biyan kuɗin haya. Zato na farko da ya yaɗu shi ne cewa wannan sabon abu ne wanda ba a jarraba ba, amma tarihi bai goyi bayan haka ba. Tun a 1961 masanin kwamfuta John McCarthy ya yi hasashen cewa za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da layin tarho, kuma a shekarun 1960 da 1970 ƙananan kamfanoni sun saba hayar lokaci a kwamfutar wani domin lissafin albashi. Da tallafin kuɗin Larry Ellison na kamfanin Oracle, Evan Goldberg ya kafa NetLedger a 1998, kamfanin da ya zama NetSuite, wanda Oracle ya saya a 2016 a kan dala biliyan 9.3. Salesforce ya biyo baya a 1999, Workday a 2005, sannan Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfuta a 2006. Sabon abu na gaskiya shi ne cewa dubban kamfanoni suna tarayya a kan kwafin manhaja guda, mai ita kuma shi ke sabunta ta a lokacin da ya tsara, kamar yadda Oracle yake yi duk bayan wata uku. Wannan ya sauke wa kamfani nauyin kula da injuna, sai dai ya mayar da shi ɗan haya wanda ba ya rushe bango ya ƙara ɗaki don ya ga dama.

A nan ne zato na biyu, wanda ya fi kowanne cutarwa, yake shigowa, wato cewa tunda babu injin da za a saya, ƙaura zuwa gajimare ta zama aikin 'yan makonni da za a bar wa sashen kwamfuta. Majalisar birnin Birmingham ta Ingila, wadda ita ce ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, ta bar SAP ta koma manhajar gajimare ta Oracle a watan Afrilun 2022. An fara aikin ne da niyyar ma'aikata su sauya hanyoyin aikinsu su dace da manhajar, amma daga baya aka juya aka shiga lanƙwasa manhajar don ta dace da tsohuwar al'ada. Sakamakon shi ne tsarin ya kasa daidaita kuɗin da suka shiga banki da abin da ke rubuce a littafi, har sai da aka sa mutane suna yi da hannu, kuɗin aikin kuma ya tashi daga kimanin fam miliyan 19 zuwa wajen fam miliyan 100. A watan Satumban 2023 majalisar ta ba da sanarwar cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Babban dalilin da aka bayar shi ne bashin bambancin albashi da ma'aikata mata suke bin ta, amma rashin sahihin lissafi ya ƙara dagula al'amarin, kuma mazauna birnin ne suka ɗauki nauyin ta hanyar ƙarin haraji da rage ayyuka. Kamfanin kantuna na Lidl a Jamus ya sha irin wannan ɗaci a 2018, lokacin da ya watsar da aikin shekara bakwai da aka kiyasta ya ci yuro miliyan 500, saboda shi yana ƙiyasta kayansa ne da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, kuma ya ƙi sauya al'adarsa.

Batun araha da na tsaro ma ana yawan yi musu gurguwar fahimta ta ɓangarori biyu. Haya tana kawar da babban kuɗin farko, amma ana biyan ta ne bisa yawan masu amfani muddin kamfani yana raye, kuma kuɗin tsaftace tsoffin bayanai da horar da ma'aikata yana nan daram. Masu tsoron cewa bayanansu sun fi zama lafiya a kwamfutar da ke ɗakin bayan ofis sukan manta cewa manyan cibiyoyin ajiya suna da ƙwararrun da ƙaramin kamfani ba zai iya ɗauka ba, masu sakin jiki kuma sukan manta cewa tantance wanda zai iya ƙirƙirar sunan ɗan kwangila da wanda zai amince a biya shi yana wuyan kamfanin ne. Ga kamfanonin Afirka ta Yamma akwai ƙarin sharaɗi na zahiri, domin yawancin waɗannan cibiyoyi suna Turai ko Afirka ta Kudu, kuma lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar yankin ranar 14 ga Maris, 2024, harkokin banki da na ofisoshi sun tsaya cik ko sun yi tafiyar hawainiya a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Duk da haka zaɓin zama a tsohon tsari yana ƙara ƙuntata, tunda SAP ya sanya ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da zai daina kula ta yau da kullum da tsohuwar manhajarsa ta ECC, wadda dubban kamfanoni suke tafiyar da lissafinsu a kanta har yanzu.