Daga almajiranci zuwa karatun gida: Abin da sauyin ke nufi ga iyali

Karatun gida shi ne tsarin da yaro ke neman ilimi a gaban iyayensa, ko dai su koyar da shi da kansu, ko su samo malamin da zai riƙa biya masa karatu a zaure. A karkarar Kano, kamar Fassi da ke Ƙaramar Hukumar Kibiya a masarautar Rano, ana yin wannan magana ne idan magidanci ya daina tura ɗansa almajiranci wani gari, ya zaɓi ya yi karatun allo a gida.

Asalin tsarin

Koyar da yara a gida daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara karatun Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, shi ma kuma ya karantar da matansa da 'ya'yansa mata. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai ilimi ga matan ƙauye har cikin gidajensu.

Almajiranci kuwa ya ginu ne a kan ganin cewa yaro ya fi mayar da hankali idan ya yi nesa da gida. Manoma kan damƙa 'ya'yansu ga malami bayan kaka, ya tafi da su ci-rani birni ko gabas, su dawo da faɗuwar damina. A da jama'ar gari ke ciyar da su. Da birane suka cika, rayuwa ta yi tsada, sai bara ta cinye lokacin karatu.

Abin da ya kawo sauyi

A Fabrairun 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta haramta bara a titunan Kano. Bayan ɓullar annobar korona, gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali, lamarin da ya dawo da yara da dama hannun iyayen da ba su shirya karɓar su ba. A 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Nauyin da ke komawa kan iyali

Na farko shi ne ciyarwa, domin bakin da a da ke cin abincin bara yanzu daga rumbun gida zai ci. Na biyu malami ne. Uban da ya sauke Alƙur'ani zai iya kai yaro daga babbaƙu zuwa farfaru har ya iya haɗa baƙi, amma hadda da gyaran tilawa har izu 60 sai alaramma, shi kuma yana da haƙƙinsa, ko da kuɗin Laraba ne.

Na uku lokaci ne, kuma a nan aka fi samun tangarɗa. A gidan manomi, yaron da ke kusa shi ake aika gona, kiwo da kasuwa. Idan ba a tsayar da lokacin karatu da asuba da bayan magariba ba, a bar Alhamis da Juma'a don hutu kamar yadda aka saba, sai a wayi gari allon ya yi wata ba a wanke shi ba.

Amfaninsa kuwa a fili yake: iyaye na ganin lafiyar ɗansu da tarbiyyarsa, ya tsira daga kwana a kasuwa, 'yan'uwansa mata kuma su samu shiga karatun.

Matsayin doka

Ƙasashe sun bambanta. An halatta karatun gida a dukkan jihohi 50 na Amurka da kuma Ingila, amma Jamus ta wajabta zuwa makaranta. A Najeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara 9. Wanda ya saɓa, gargaɗi ne karon farko, sai tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 a karo na biyu.

Saboda haka karatun allo a zaure ba ya sauke wannan wajibi, kuma ba ya samar da takardar shaidar da ake nema wajen aiki ko shiga jami'a, irin ta WAEC, NECO ko hukumar NBAIS mai shirya jarrabawar Larabci da addini. Hanyar da ta fi dacewa da magidancin Fassi, da ɗan'uwansa na birni da ke tallafa masa, ita ce haɗa biyun: allo a gida safe da dare, boko a firamaren gari da hantsi.