Albashin 'Yan Wasa da Durƙushewar Ƙungiyar Leeds United

Har zuwa shekarar 1961 akwai wata ƙa'ida a Ingila wadda ta hana a biya ɗan ƙwallon ƙafa fiye da fam 20 a mako. A watan Janairu na wannan shekara 'yan wasa, a ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill, suka yi barazanar shiga yajin aiki, sai aka soke ƙa'idar. Ba a daɗe ba ƙungiyar Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako. Tun daga lokacin albashi ya kama hawa.

Abubuwa biyu ne suka ƙara ingiza shi. Na farko, a 1992 aka kafa gasar Firimiya, kuɗin talabijin masu yawa suka fara shigo wa ƙungiyoyi. Na biyu, a 1995 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar da wani ɗan wasan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya shigar. Hukuncin ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar komawa ƙungiyar wata ƙasa a cikin Tarayyar ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. Saboda haka duk ƙungiyar da ke son riƙe gwaninta, dole ta ba shi dogon kwantiragi da albashi mai tsoka.

Illar wannan hali ta fito fili a ƙungiyar Leeds United da ke arewacin Ingila. A shekarar 2000 ta zo ta uku a Firimiya, ta samu shiga Gasar Zakarun Turai, wadda ke kawo kuɗi masu yawa. Shugaban ƙungiyar, Peter Ridsdale, da mataimakansa suka tsara kasafinsu a kan cewa kowace shekara za su shiga wannan gasa. A watan Nuwamba na 2000 suka sayi Rio Ferdinand daga West Ham a kan fam miliyan 18. A 2001 Leeds ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Valencia ta fitar da ita. Amma a gida ta huɗu ta zo, alhali ƙungiyoyi uku ne kawai ake ɗauka a lokacin.

Maimakon a rage kashe kuɗi, sai ƙungiyar ta ci bashin fam miliyan 60, ta jinginar da kuɗin tikitin da 'yan kallo za su biya a shekaru masu zuwa. Ta kuma sayi Robbie Fowler daga Liverpool. A 2002 aka ƙara gurbi ɗaya, ana ɗaukar ƙungiyoyi huɗu, sai Leeds ta zo ta biyar.

A nan ne matsalar take. Kuɗin da ƙungiya ke samu suna hawa da sauka gwargwadon nasarar da ta yi a fili. Shi kuwa albashi a rubuce yake cikin kwantiragi na shekara huɗu ko biyar, kuma sai an biya shi, ko an ci wasa ko an sha kashi. Mafita ɗaya ita ce sayar da 'yan wasa. A 2002 Ferdinand ya koma Manchester United a kan wajen fam miliyan 30. Sai dai ba kowace ƙungiya ce za ta iya biyan albashin da Leeds ta saba biya ba. Da Fowler ya koma Manchester City a 2003, Leeds ta ci gaba da biyan wani ɓangare na albashinsa, wato tana biyan mutumin da ke yi wa wasu wasa.

Ridsdale ya sauka a watan Maris na 2003. A wannan shekara albashi ya cinye fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin shiga, ƙungiyar kuma ta yi asarar kusan fam miliyan 50. Da gwanaye suka watse, wasa ya lalace. A 2004 Leeds ta faɗo daga Firimiya, kuɗin talabijin suka ragu ƙwarai. Ta sayar da filin atisayenta da filin wasanta na Elland Road, ta koma zaman haya a cikinsu. A 2007 ta kasa biyan basussukanta, aka zabtare mata maki 10, ta faɗa rukuni na uku a karo na farko a tarihinta. Ba ta sake hawa Firimiya ba sai a 2020, bayan shekara 16.

Irin wannan hali, wanda ya sami ƙungiyoyi da dama a Turai, shi ya sa hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar, UEFA, ta shiga sa ido a kan kasafin ƙungiyoyi. A 2022 ta amince da sabuwar ƙa'ida: abin da ƙungiya za ta kashe a kan albashi da sayen 'yan wasa da ladan dillalai kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na abin da take samu. Wato dai, daidai ruwa daidai tsaki.