Unguwar Kilomita Biyar: Baƙin da Aka Haifa a Gida

In mutum ya sauka a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya tambayi inda zai sayi atamfa ko goro ko kayan gyaran mota, za a nuna masa hanyar Kilomita Biyar. Nisan unguwar daga tsakiyar birni ne ya ba ta wannan suna, wato daga wajen bakin kogin Ubangi inda Faransawa suka kafa sansaninsu a 1889. A nan babbar kasuwar birnin take, da babban masallaci, a nan kuma ake jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Cadi suna cuɗanya da Sango, harshen da ya haɗa ƙasar duka. Tarihin unguwar yana ɗauke da tambayar da ta shafe mu mu ma: shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin a daina ce masa baƙo?

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 fatake Hausawa da Barebari suke biyowa ta Adamawa, su ratsa Ngaundere zuwa kasuwar Kunde, suna kawo tufafi, suna komawa da hauren giwa. Da Faransawa suka kama ƙasar, sai suka zo da sojoji 'yan Senegal. Daga 1910 kuma suka haɗa Cadi da wannan ƙasa, wadda suke kira Ubangi-Shari, a ƙarƙashin mulki guda, saboda haka mutumin da ya gangaro daga Cadi bai ƙetare iyakar wata ƙasa dabam ba. Fulani Mbororo suka shigo da shanunsu daga Kamaru a shekarun 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar Kilomita Biyar ta bunƙasa, ta zama masaukin waɗannan mutane duka. Suka yi aure cikin kabilun ƙasar, suka haifi 'ya'yan da suka tashi da Sango a bakinsu.

Mutumin da ya ja ragamar neman 'yanci, Barthélemy Boganda, dā fada ne na Katolika. Takensa shi ne "Zo kwe zo", wato kowane mutum mutum ne. Ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Maris 1959, bai ga ranar 'yanci ta 13 ga Agusta 1960 ba. A 1961 aka yi dokar zama ɗan ƙasa. Bisa ga wannan doka, wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai dai in uwarsa da ubansa duka baƙi ne. Baƙon da yake so a karɓe shi kuwa, sharaɗin da dokar ta kai gare shi bayan gyare-gyare shi ne zaman shekara 35, tare da zuba jari a noma ko gidaje. Da wuya a sami wata ƙasa a Afirka mai sharaɗi mai tsawo haka. Wanda ya zo da ƙuruciyarsa sai ya yi furfura kafin ya cancanci roƙo.

Amma babbar wahalar ba a rubutun dokar take ba, a wajen shaida take. Falken da ya iso da jakunansa a zamanin Turawa bai zo da takarda ba, bai kuma rubuta haihuwar 'ya'yansa a ofis ba, kamar yadda yawancin talakawan ƙasar ma ba su yi ba. Bambancin shi ne, ba kowa ake tambaya ba. An daɗe ana ba da rahoto cewa in mai suna Adamu ko Usmanu ya je neman katin ɗan ƙasa, akan ce ya kawo takardar haihuwar iyayensa, wani lokaci har ta kakanninsa, alhali maƙwabcinsa mai suna Jean ko Pierre tasa kaɗai ta ishe shi. Har 'yan asalin ƙasar da suka musulunta sun faɗa cikin wannan tarko, domin suna ya riga ya yi musu shaidar baƙunci.

Kada mai karatu ya ɗauka takarda ƙaramin abu ce. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan maƙale a bakin jarrabawar fita firamare. Babba marar kati ba ya samun aikin gwamnati, ba ya buɗe ajiya a banki, ba ya mallakar takardar fili. Asusun da yake biyan fansho da kuɗin taimakon iyali na masu albashi ne, wanda bai shiga aikin albashi ba kuwa ba shi da rabo. A kowane shingen hanya sai ya sa hannu a aljihu. Attajiri yakan biya ya wuce, amma gwauruwa da maraya fa? Don haka mutanen Kilomita Biyar suka jingina da abin da suka gada: maigida ya riƙe yaransa, zakka ta kai ga mabukaci, mata su yi adashi. Wannan ya rufa musu asiri, amma ya ƙara sa maƙwabta suna ganinsu kamar wata ƙasa a cikin ƙasa.

Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangi, suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. Cikinsu akwai mayaƙa da yawa daga Cadi da Sudan. Sun yi kisa, sun washe gidaje da majami'u da asibitocin mishan, kuma Kirista sun sha wuya ƙwarai a hannunsu. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara mayaƙan anti-balaka suka faɗa wa birnin. Ba su tsaya rarrabe ɗan tawaye da mai sayar da albasa ba. Kalmar "ɗan Cadi", wadda aka daɗe ana jifan kowane Musulmi da ita a ofis da kan hanya, ta zama hukuncin kisa. Kafin rikicin Musulmin Bangi sun haura 100,000, cikin 'yan watanni akasarinsu suka gudu. Gwamnatin Cadi ta aiko jirage da manyan motoci ta kwashe dubbai, aka ce an mai da su gida. Da yawa kuwa ba su taɓa ganin Cadi ba. Suka zauna a sansanoni irin na Gawi kusa da Njamena, ba takardar can, ba ta nan.

Waɗanda suka rage suka zama kamar fursunoni a unguwarsu. Fita asibiti ta zama sayar da rai, ko maƙabartarsu da take unguwar Boeing ba su iya kai gawa. A ciki kuma 'yan bindiga masu cewa suna tsaron unguwa suka sa wa 'yan kasuwa haraji, suka kai hari waje. An kai wa majami'ar Fatima, maƙwabciyar unguwar, hari ranar 28 ga Mayu 2014, aka sāke kai mata ranar 1 ga Mayu 2018, inda aka kashe Fada Albert Toungoumale-Baba tare da masu sujada. Ba ɓangaren da bai yi kuka ba.

Duk da haka an sami waɗanda suka riƙe taken Boganda. Babban Bishop Dieudonné Nzapalainga ya sauke Imam Omar Kobine Layama a gidansa, su biyu tare da Fasto Nicolas Guérékoyame-Gbangou suka yi ta zaga ƙasar suna kiran sulhu. A garin Boali, Fada Xavier Fagba ya ɓoye Musulmi sama da 600 a majami'arsa. Ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga babban masallacin Kilomita Biyar. Mako biyu bayan haka, ranar ƙuri'ar raba gardama kan tsarin mulki, mutanen unguwar suka fito jefa ƙuri'a ana harbi a kansu, domin su nuna ƙasar tasu ce. A Fabrairu 2016 suka ƙulla yarjejeniya da mutanen Boeing, hanyar maƙabarta ta buɗe.

Bindiga ta lafa, amma batun asali bai mutu ba. Tsarin mulkin da aka kafa a Agusta 2023 ya keɓe takarar shugabancin ƙasa ga wanda iyayensa biyu 'yan asalin ƙasa ne, wanda kuma ba shi da takardar wata ƙasa.

Mu a Nijeriya ba za mu ce labarin ya yi mana nisa ba. Takardar shaidar asali da ƙananan hukumomi suke bayarwa ita ce mabuɗin tallafin karatu da shiga soja da aikin gwamnati. Akwai Kiristan da aka haifa a Sabon Garin Kano aka hana shi ita, akwai Musulmin da aka haifa a Jos aka hana shi. A Ayyukan Manzanni sura 22, 'yancin zama ɗan Roma ne ya shiga tsakanin bayan Bulus da bulala. Shi an haife shi da wannan 'yanci, shugaban sojan kuwa da kuɗi mai yawa ya sayi nasa. Talakan da ba shi da ko ɗaya, wa zai tsaya masa? In kai ma'aikacin rajista ne, ko malamin makaranta, ko dattijon ikilisiya, ranar da yaron maƙwabci ya zo gabanka ba takarda, ka tuna da Kilomita Biyar, ka taimake shi ya samu.