Daga Tsarabar Makka Zuwa Agogon Haɗi: Tarihin Agogon Hannu a Babura da Kewaye

Kafin agogon hannu ya zama abin da malami da ɗan kasuwa da direba ke ɗaurawa, mutanen Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, kamar sauran jama'ar ƙasar Hausa, da rana da inuwa suke gane lokaci, kuma sun yanka yini gida-gida, daga asuba zuwa hantsi da walaha, daga azahar zuwa la'asar da almuru, ta yadda ladan kan auna tsawon inuwa da tafin ƙafarsa ya san lokacin kiran salla ya yi. Agogo ya fara shigowa ne a matsayin kayan fada, domin cikin kyaututtukan da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a zuwansa na biyu Sakkwato, a 1826, har da agogo, wanda a wancan zamani abin kallo ne da nuna ƙasaita fiye da abin tsara aiki.

Mulkin Turawa ne ya mayar da shi abin buƙata. Bayan an ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso ta a 1911, sai ga ofis da kotu da makarantar boko da tasha, kowanne yana buɗewa da rufewa bisa ƙarfe kaza, kuma a 1919 aka ɗora Nijeriya gaba ɗaya kan lokaci guda, wato awa ɗaya gaba da na Landan. Babura, wadda ke ƙarƙashin Kano har zuwa ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Magarya da Damagaram, kuma da yake Nijeriya da Nijar lokacinsu ɗaya ne, falken da ya ƙetare iyaka ba ya buƙatar taɓa agogonsa. A wannan zamani ne kuma agogo ya baro aljihu ya koma tsintsiyar hannu, saboda sojojin Yaƙin Duniya na Farko, na 1914 zuwa 1918, sun ga ya fi sauƙin dubawa a haka, sannan kantunan kamfanonin Turawa da na Kwarori a Kano suka riƙa sayar da shi ga akawuna da dillalan gyaɗa da hakimai.

Shekarun 1970 su ne suka cika gidajen karkara da agogo, kuma ta ƙofa biyu ya shiga. Ta farko ita ce ƙarin albashin Udoji, wanda ma'aikata suka karɓa a 1975 tare da ariyas, suka kwashe rediyo da babur da agogo daga kantuna. Ta biyu, wadda ta fi tasiri a garuruwa irin su Babura, ita ce aikin Hajji, domin a 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000, kuma da wuya alhaji ya dawo ba tare da agogo a cikin tsarabarsa ba, kusa da zamzam da dabino da carbi. Wanda ya fi yawa shi ne Seiko 5 na Japan, wanda aka fara ƙerawa a 1963, mai wana kansa da motsin hannu, mai 'yar taga da ke nuna kwanan wata da sunan rana, kuma waɗanda aka yi domin kasuwannin Larabawa sukan nuna ranar da rubutun Larabci, abin da ya sa almajirin da bai yi boko ba yake karanta ta kai tsaye. Mai hali kuwa Rado yake nema, musamman samfurin DiaStar na 1962, wanda aka yi gangar jikinsa da wani ƙarfe mai tsananin tauri da ba ya saurin ƙarzuwa. Daga nan agogo ya samu gurbi a akwatin lefe da kuma cikin kayan gado.

Ana buƙatar sanin cikin agogo kafin a fahimci abin da masu tara shi ke nema. Agogon wani, wato wanda ba ya amfani da batir, yana tafiya ne da ƙarfin wani siririn ƙarfe naɗaɗɗe da ake ɗaurewa idan an murza kan agogon, yana warwarewa a hankali yana juya jerin ƙafafu masu haƙora, yayin da wata 'yar ƙafa mai kai da komo take tsare gudun, tana bugawa sau 21,600 ko 28,800 a awa a yawancin injinan zamani. A wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe ana dasa ƙananan duwatsun yaƙutu na haɗi don rage ci, su ne ake rubuta adadinsu a fuskar agogo, 17 ko 21 ko 25. Mai wana kansa an ƙara masa wani ƙarfe mai siffar rabin faifai a bayansa, wanda ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa. Wannan fasaha ce kamfanonin Suwizalan suka yi fice da ita, ciki har da Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa tushensa a Landan a 1905 kafin ya koma Jeniba, ya fito da agogon da ruwa ba ya shiga a 1926.

A ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar ma'adinin kwaz da aka sa a kasuwa, kuma cikin shekaru kaɗan irinsa ya yi arha, ya fi na wani daidaito nesa ba kusa ba. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, sun ragu zuwa wajen kashi ɗaya bisa uku a tsakiyar shekarun 1980. Abin mamaki shi ne wannan karyewa ce ta haifar da tara tsofaffin agogo a matsayin sha'awa, domin da agogon wani ya daina zama dole sai ya koma kayan alfahari, har aka kai ga sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman kan dala miliyan 17.8 a gwanjon da aka yi a Amurka a 2017.

A Arewacin Nijeriya abin ya bi wata hanya dabam. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabon agogo mai kyau ya gagari talaka, kayan gyara na asali suka yi wuya, sai mai gyaran agogo, wanda ake gani a kasuwar Sabon Gari ko ta Kurmi a Kano ko a kasuwannin mako na ƙauye da ɗan akwatinsa na gilashi, da madubin ƙara girma maƙale a ido ɗaya, da hantsaki da 'yan sukundireba, ya koma cire kaya daga mataccen agogo yana raya wani. Gwangwanin da yake tara injinan da suka mutu, da fuskoki da hannaye da murafu, shi ne ma'ajiyar tsofaffin agogo mafi girma a yawancin garuruwa, ko da yake shi kansa kayan aiki ya ɗauke su. Haɗa agogo ɗaya daga gawar uku, wanda a Turai da Amurka matasa ke yi yau don nishaɗi, a nan larura ce ta koyar da shi tun da daɗewa.

Agogon haɗi na yanzu ya dogara ne kan injinan da ake sayarwa a buɗe ga kowa, irin su NH35 na rukunin Seiko, da Miyota 8215 na rukunin Citizen, da na masana'antar Seagull ta birnin Tianjin a ƙasar Sin, waɗanda mutum kan saya ya haɗa da gida da gilashi da fuskar da ya zaɓa. Aikin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne dasa hannaye uku a kan tsinke ɗaya ba tare da sun gogi juna ba, da kuma hana ƙura shiga kafin a rufe, wanda a lokacin hunturu a arewacin Jigawa ba ƙaramin aiki ba ne. Da irin waɗannan injina ne kuma ake haɗa jabu, ya bi hanyar Gwangzu da Dubai zuwa kasuwannin Kano, daga can 'yan koli su yaɗa shi. Bambancin haɗi da jabu ba a inji yake ba, domin sau da yawa injin iri ɗaya ne: yana cikin sunan da aka buga a fuska da abin da aka faɗa wa mai saye. Agogon da ya kwaikwayi siffar Rolex amma ya ɗauki sunan mai shi halas ne a kasuwa, wanda ya ɗauki sunan Rolex da tambarin kambinsa kuwa ya saɓa wa dokar alamar kasuwanci, kuma sayar da shi a matsayin na asali algus ne a shari'a. Akwai nau'i na uku da ya fi ruɗar masu saye, wato tsohon inji na gaske, galibi na Seiko ko Citizen ko HMT na Indiya, da aka sake wa fentin fuska aka sa a sabon gida.

Ma'aunin masu tara agogo na ƙasashen waje ya saɓa wa yadda aka saba kula da shi a nan. Su abin da suke biya da tsada shi ne agogon da ba a taɓa ba, wanda fuskarsa ta dafe da kanta, ba a goge gangar jikinsa da inji ba, kuma lambar da ke bayansa ta dace da shekarar injinsa, musamman idan akwatinsa da takardar sayensa suna nan. Magidancin da ya ji da agogon mahaifinsa kuwa yakan kai shi a canza masa gilashi da hannaye da sarƙa, a wanke fuskar ta yi fes, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare yana rage kuɗinsa a idon dillalin gwanjo, ko da ya ƙara masa shekarun aiki. Saboda haka Seiko ko Rado na shekarun 1970 da ya tsaya tun tuni aka jefa shi a ƙasan adaka, tare da fasfon Hajjin mai shi, yakan fi wanda ake ɗaurawa kullum daraja a wannan kasuwa, muddin damina ba ta sa masa tsatsa ba.