Daga "Ina Kwana" Zuwa "Moin": Gaisuwa Ma Tana Da Tarihi

Hutun nan da na je gida Bangi, na gaida wani dattijo a tsaye, ina latsa waya. Bai amsa ba. Sai da na durƙusa muka bi layi: gajiya, iyali, gona, karatu. Ina dawowa makaranta na koma kan Jamusancin da nake ɗan koya saboda neman tallafin karatu na DAAD, sai na ga ashe gaisuwarsu ma akwai labari a cikinta.

Kowa ya san "Guten Morgen" da "Guten Tag", wato barka da safiya da barka da yini. Amma a kudu, Bavariya da Austriya, "Grüß Gott" suke cewa, asalinta addu'a ce: Allah ya yi maka albarka. "Servus" ta abokai daga Latin take, ma'anarta bawa, kamar ka ce "ni bawanka ne". "Tschüss" ta sallama kuwa tushensu ɗaya da "adieu" ta Faransanci: na bar ka da Allah. A arewa, wajen Hamburg, "Moin" kawai, safe ko dare. Can ne garin Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya kuma koma Turai a 1855 tare da yaro Bahaushe, Dorugu.

Ga inda jikina ya yi sanyi. A 1933 gwamnatin Hitler ta wajabta wa ma'aikata gaisuwar ɗaga hannu da kiran sunansa. Wurin da Allah yake a gaisuwa, aka sa mutum. Wasu 'yan kudu suka ci gaba da "Grüß Gott" ɗinsu, alamar ba su yarda ba. Yau waccan gaisuwar laifi ce a dokar Jamus.

Mu fa? Babu wanda ya tilasta mana, amma a hostel "ina kwana" ta koma "ya ne?", wani ma ɗaga gira kawai. Wallahi har malamai wasu ke wucewa haka.

Ku koyi ta Jamus, kuma ku riƙe: babba "Sie" ake ce masa, ba "du" ba. Amma kafin nan, gobe da safe ku tsaya ku gaida Baba mai gadi yadda ya kamata.

A garinku yaya ake gaida manya?