Heisnam Kanhailal da Wasan Kwaikwayo a Manipur

An haifi Heisnam Kanhailal a jihar Manipur, arewa maso gabashin Indiya, cikin shekarar 1941. A 1969 ya kafa ƙungiyar Kalakshetra a birnin Imphal, inda ya yi ta shirya wasanni, yana horar da matasa yadda za su isar da saƙo da motsin jiki, ba da fatar baki kaɗai ba. A wasansa Draupadi na 2000, matarsa Sabitri ta tuɓe tsirara don la'antar fyaɗen da sojoji ke yi, mutane da yawa suka yi tir. Amma a 2004, bayan mutuwar wata budurwa a hannun sojoji, iyaye mata 12 suka yi daidai haka a ƙofar barikin Kangla. Ya rasu a 2016.