BABI NA UKU: FERID BOUGHEDIR DA GWAGWARMAYAR FINAFINAN AFIRKA DA NA LARABAWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda sinima ta shigo ƙasashen Afirka ta Arewa a zamanin mulkin mallaka. A wannan babi kuwa, za a duba rayuwa da ayyukan Ferid Boughedir, mutumin ƙasar Tunisiya, wanda ya haɗa sana'o'i uku: shirya fim da koyarwa da kuma shirya bikin nuna finafinai. Manufar babin ita ce a nuna cewa waɗannan ayyuka uku ba su taru a hannunsa haka kawai ba, matsala ɗaya ce ta haife su.

3.1 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Ferid Boughedir a shekarar 1944 a garin Hammam-Lif da ke kusa da birnin Tunis. Mahaifinsa ɗan jarida ne kuma marubuci. Yana da shekara goma sha biyu Tunisiya ta sami 'yancin kai daga Faransa, wato a 1956. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa, inda ya yi bincikensa a kan finafinan Afirka da na Larabawa. Ya koyi aikin fim a aikace ta hanyar zama mataimaki ga Alain Robbe-Grillet da Fernando Arrabal lokacin da suka ɗauki finafinansu a Tunisiya. Daga farkon shekarun 1970 ya shiga rubuta sharhin finafinai a mujallar Jeune Afrique.

3.2 Matsalar da Ya Tarar

Domin a fahimci aikin Boughedir, wajibi ne a san halin da sinima take ciki bayan samun 'yancin kai. Tuta ta canza, amma gidajen sinima suna hannun baƙi. A ƙasashen Afirka rainon Faransa, kamfanoni biyu, wato COMACICO da SECMA, su ne suka mamaye shigo da finafinai da rarraba su. Sukan sayo tsofaffin finafinan Amurka da Faransa da Indiya da araha su cika gidajen kallo da su. Saboda haka ɗan ƙasa zai sha wahala ya shirya fim, a yaba masa a Turai, amma mutanen garinsu ba su gan shi ba. Fim ɗin da ba a kalla ba kuwa ba ya mayar da kuɗinsa, balle a yi na biyu.

Wannan ne ya sa Tahar Cheriaa ya kafa bikin finafinai na Kartaj a Tunis a 1966. Fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar bikin, wato Tanit ta Zinariya, shi ne La Noire de... na Usman Sembene ɗan ƙasar Senigal. A 1969 aka fara bikin FESPACO a Wagadugu, a 1970 kuma aka tabbatar da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, a Tunis. A cikin wannan yanayi Boughedir ya buɗe ido a sana'ar.

3.3 Finafinansa

Manyan finafinansa na farko ba na ƙagaggen labari ba ne, na tarihi ne. A 1983 ya fitar da Caméra d'Afrique, wanda ya tattara tarihin shekara ashirin na finafinan Afirka. A cikinsa an ga masu sana'ar da kansu suna bayyana burinsu da wahalhalunsu, irin su Sembene da Med Hondo da Sulaiman Sise da Safi Faye da Umaru Ganda na Nijar. Ganda ya rasu a 1981, kafin fim ɗin ya fito, wanda hakan ya ƙara wa aikin daraja a matsayin taskar tarihi. A 1987 ya biyo da Caméra arabe a kan finafinan Larabawa. An nuna duka biyun a bikin Cannes na Faransa.

Sai a 1990 ya fitar da dogon fim ɗinsa na farko na ƙagaggen labari, Halfaouine, sunan wata tsohuwar unguwa a Tunis. Labarin wani yaro ne, Nura, wanda ke bin mahaifiyarsa gidan wankan mata har ranar da aka lura ya fara girma aka kore shi. Ya bar duniyar mata, ta maza kuma ba ta karɓe shi ba tukuna. Fim ɗin ya ci Tanit ta Zinariya a 1990, kuma jama'ar Tunisiya sun yi tururuwa zuwa kallonsa. Wannan ya tabbatar da cewa idan aka ba fim ɗin gida wurin nunawa, ba zai rasa 'yan kallo ba.

A 1996 ya fitar da Un été à La Goulette, labarin 'yan mata uku ƙawaye, Musulma da Bayahudiya da Kirista, a wani gari na bakin teku gab da yaƙin 1967 tsakanin Larabawa da Isra'ila. A 2016 kuma ya yi Zizou, wanda ya shafi juyin juya halin Tunisiya na 2011.

3.4 Koyarwa da Shirya Biki

Boughedir ya daɗe yana koyar da ilimin sinima a jami'a a Tunis. A 1987 ya wallafa littafinsa Le cinéma africain de A à Z, a lokacin da rubuce-rubuce a wannan fanni ba su da yawa. Bugu da ƙari, ya yi shekaru cikin masu shirya bikin Kartaj, kuma shi ne ya shugabanci na 2006. Haka nan ya zauna cikin alƙalan bikin Cannes a 1991 da na Balin a 1997. Muhimmancin Kartaj shi ne ya haɗa Larabawa da baƙaƙen Afirka a gasa ɗaya, maimakon a ɗauki Sahara a matsayin katanga.

Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, ba ya maye gurbin kasuwa. Gidajen sinima da yawa a Tunisiya da sauran ƙasashen Afirka sun rufe daga shekarun 1990, bayan yaɗuwar bidiyo da tauraron ɗan'adam. Ke nan matsalar rarraba finafinai ta canza kama ne, ba ta gushe ba.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa Boughedir ya fahimci fim yana bukatar abu uku kafin ya rayu: wanda zai shirya shi, da wanda zai san tarihinsa, da wurin da za a nuna shi. Ya yi aiki a kowane ɗaya daga ciki. A 2019 aka gyara Caméra d'Afrique aka sake nuna shi a Cannes, a lokacin da da yawa daga cikin waɗanda suka yi magana a cikinsa sun riga mu gidan gaskiya. A babi na gaba za a yi nazarin jigo da zubin Halfaouine.